Babi na 7: Zuwa Gashin Ciwon Dajin Furostet

Darasi na 1

Furostet wata tsoka ce mai girman goro a ƙarƙashin mafitsara. Maza kaɗai ke da ita. Ɗauko takardar gwajin jininka, Baba. Nemi haruffa uku: P, S, A, wato sinadarin da furostet ke fitarwa cikin jini. Ɗora yatsa a kan lambar da ke gabansu. Idan ta haura 20, likita na lissafa ciwon cikin masu saurin yaɗuwa, ko da bai bar wurinsa ba.

Gashi shi ne kashe ƙwayoyin ciwon daji da hasken na'ura. Gashin da aka saba kan buƙaci zuwa asibiti sau 20 ko 39. Akwai wani mai ƙarfi da ake saita haskensa daidai kan furostet, zuwa sau 5 kacal, cikin mako ɗaya ko biyu. Likita ne zai ce ko ya dace da kai, kuma ba kowane asibiti ke da na'urarsa ba.

Darasi na 2

Nan ne ake yawan tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Da farko ka zaga, ka yi bayan gida da fitsari. Sannan ka sha ruwan da nas ta faɗa. In ta ce rabin lita, ledar fiya wata ɗaya ke nan. Daga nan ka riƙe fitsarin har a gama gashi.

Maimaita da baki: zagawa, sha, riƙewa. Madalla. Sake faɗa.

Me ya sa? Cikakkiyar mafitsara na ture hanji nesa da hasken, furostet kuma ta zauna inda aka auna ta. Hasken nan mai ƙarfi ne, ba a so ya kauce.

Wasu sai su sha ruwan tukuna, sannan su zaga. To me ya rage a ciki? Haba, iyayena! Ba a sha kafin a zaga. Zagawa, sha, riƙewa. In ya matse ka ƙwarai, gaya wa nas, kada ka sulale bayi a ɓoye. Babu kunya a nan. Rubuta kalmomin uku a bayan katinka.

Darasi na 3

Kwanta yadda aka kwantar da kai, kada ka motsa. Ba za ka ji zafi ba. Hasken ba ya binka gida, ɗauki jikokinka.

Darasi na 4

Allurar rage sinadarin maza, wadda ake haɗawa da gashi, takan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa uku idan ciwon mai saurin yaɗuwa ne. Kada ka tsallake ranarta. Gashin zai iya sa fitsari ya yi zafi ko ya yawaita. In ya tsaya gaba ɗaya, tafi asibiti nan take.