Yadda nake kula da nauyin ɗana, mu da ciwon suga ke bin gidanmu

Mahaifina ya yi shekara 14 yana fama da ciwon suga kafin Allah Ya karɓi abinsa, yayarsa kuma har yatsan ƙafa aka cire mata. Ni ma da cikin Abba ya kai wata shida, aka ba ni ruwan suga na sha a wajen awo, aka ɗebi jini, aka ce sugana ya hau. Da ya zo duniya kilo 4.3 ne. 'Yan barka sai tubarkalla suke yi, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Ungozoma ta riga ta yi mini bayani: sugan da ke jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin jariri, jikinsa ya mayar da shi kitse, kuma irin waɗannan yara sun fi saurin ƙiba tun suna ƙanana. Yanzu shekararsa huɗu, ga yadda muka bi.

Ki fara da tambaya. Wa ke da ciwon suga a danginku, wa ke da shi a dangin maigida, kuma a wane shekaru ya same su? Wasu tsofaffin ba za su ce suga ba, za su ce wane ya yi ta rama yana yawan fitsari. Ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti duk abin da kika ji.

Katin rigakafi kuma kada ki ajiye shi da zarar an gama allurai. Akwai zanen layuka a cikinsa, inda ake ɗiga nauyin yaro duk ranar awo. Ki roƙa a nuna miki inda naki yake, a auna tsayinsa ma. Awo ɗaya ba ya nuna komai. Abin lura shi ne ɗigon ya riƙa tsallake layuka yana hawa wata bayan wata.

Wata shidan farko nono zalla na ba shi, ko ruwa ban haɗa ba, na ci gaba har ya kusa shekara biyu.

Inda aikin yake shi ne kofin kunu. A gidajenmu suga ba a alewa ya fi shiga cikin yaro ba, a koko ne da shayin safe da zoɓo da furar rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba abin sha mai suga. Harshen yaro abin da aka saba masa ya sani. Kunun Abba na gero da waken suya da gyaɗa ne, ban taɓa zuba masa suga ba, idan ina son ɗan zaƙi sai in dama masa ayaba. Bai san ya rasa wani abu ba. Yayarsa kuwa da na saba mata da cokali uku, sai da na yi wata biyu ina rage rabin cokali duk mako kafin ta daina ture kofin. Lemon kwalba na roba ɗaya, mai 50cl, ya haura cokalin shayi goma na suga. Na daina ajiye shi a firij, don abin da ke gida shi yaro zai yi wa kuka. Gwanda, kankana da lemon zaƙi nake yankawa, ya ci da tsokarsu, ba matsewa ba.

Ban hana shi abinci ba, kuma ke ma kada ki yi. Yaro mai girma yana buƙatar tuwonsa da miyar kuka, alale, ƙwai, wake, dambun zogale. Abin da na bari shi ne ɗura. In ya kau da kai, ya ƙoshi.

Sai Hajiya, kakarsa. A wurinta jika mai kumatu shi ne shaidar ana kula da shi, kuma jakarta ba ta rabuwa da biskit. Ban yi mata musu ba. Na ce, "Hajiya, kin ga yadda Baba ya ƙare, ina tsoron kada Abba ya gada. Ki taya ni." Ta yi shiru. Yanzu dafaffen ƙwai da gyaɗa take kawo masa, kuma ita ke tsawata wa masu miƙa masa alewa.

Ki bar shi ya yi guje-guje a tsakar gida. Ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar awa uku na motsa jiki a yini, waya ko talabijin kuma kada su wuce awa ɗaya daga shekara biyu.

Ki riƙa duba bayan wuyansa da hammata. Idan fatar ta yi baƙi da kauri kamar dauɗa, kina gogewa da soso ba ta fita, ki daina gurza, ki kai shi a duba. Idan kuma ya kama yawan ƙishirwa da fitsari, yana ramewa, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ki kai shi asibiti.

Ni ma duk shekara nake zuwa a auna sugana da safe kafin in karya, don macen da ta yi sugan ciki yakan dawo mata daga baya. Ranar awon Abba nake haɗawa, mu tafi tare.