Garin zogale da ƙuli-ƙuli a tukunyar makarantar kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu girki a makarantun kwana na Bauchi da iyayen da 'ya'yansu ke can.

Ku daka busasshen zogale, ku haɗa da garin ƙuli-ƙuli, ku riƙa barbaɗawa a miya ko fate. Gwangwani uku na ƙuli, ɗaya na zogale.

Yaranmu yau tuwon masara da miyar kuka, gobe ma haka, abin yana damuna ƙwarai. Masara tana ƙosarwa, amma gina jiki sai da furotin, kuma ƙuli na da shi. Zogale kuma na da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin A mai taimakon ido. Ɗanɗanon miyar ma yana sauyawa.

A inuwa za ku shanya ganyen, a kan tabarma cikin ɗaki mai iska. Zafin rana yana lalata bitamin ɗin. Ku sayo ganyen da damina a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, lokacin yana araha. Sai an sauke tukunya a zuba garin.

Kada ku cika zogalen, ɗaci zai sa yara su ture kwano.

Ƙulin da ya yi fumfuna ku zubar, dafinsa yana taɓa hanta kuma dafuwa ba ta kashe shi. Ku adana garin a robar da ke rufuwa gam.

Yaron da gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, a cire masa nasa kafin a barbaɗa.