Matsuwar fitsari da ƙarancin magnesiyam: yadda za a gane ko da alaƙa

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kusan mililita 400 zuwa 600. Idan fitsari yana matsa wa mutum kwatsam alhali abin da ke ciki kaɗan ne, yana zagayawa fiye da sau 8 a yini, yana tashi cikin dare, wani lokaci har ya zubo kafin ya isa bayi, to sau da yawa tsokar bangon mafitsara ce take tsukewa tun lokaci bai yi ba.

A nan ne magnesiyam, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, ya shigo. Tsoka tana tsukewa idan sinadarin kalsiyam ya shiga ƙwayoyinta, shi kuma magnesiyam yana tsare ƙofar da kalsiyam ke bi, yana kuma rage ƙarfin saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. In ya yi ƙasa, tsoka da jijiya suna saurin harzuƙa, shi ya sa masu ƙarancinsa ke fama da ɗaurewar jijiyar ƙafa da rawar fatar ido. A 1998 an gwada magnesiyam haidroksayid a kan mata 40 masu matsuwar fitsari. Fiye da rabin waɗanda suka sha shi sun ce sun ji sauƙi, amma awon da na'ura ta yi wa mafitsararsu bai canja ba. Don haka mu ɗauke shi a matsayin abin da ya cancanci a duba, musamman ga wanda ke cikin haɗarin rasa shi.

Wa ke cikin haɗarin? Mai shan maganin gyambon ciki omeprazole ko danginsa fiye da shekara guda, mai shan magungunan sa fitsari furosemide ko hydrochlorothiazide, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai yawan gudawa, mashayin giya, da tsofaffi. Magungunan sa fitsarin nan suna cutarwa ta hanya biyu: suna ƙara fitsari, suna kuma zubar da magnesiyam a cikinsa.

Kafin a sayi komai, a yi awon fitsari da na suga. In akwai jini a fitsari, zafi, zazzaɓi, ko fitsarin namiji yana fita da ƙyar, wannan aikin likita ne tun farko. Daga nan a ɗauki kwana 3 ana rubuta lokacin kowane fitsari, yawansa, da abin da aka sha. Mutane da yawa suna tsallake wannan, daga baya su kasa sanin ko an samu sauyi.

Awon magnesiyam a jini yana taimakawa, sai dai ƙasa da kashi 1 cikin 100 na magnesiyam ɗin jiki ne ke cikin jini, fiye da rabi yana cikin ƙashi. Sakamako yana iya fitowa daidai, tsakanin 0.75 da 0.95 milimol a lita, alhali ajiyar jiki ta ragu. A nemi a haɗa da awon ƙoda.

Namiji yana buƙatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320. A fara da abinci: giram 28 na 'ya'yan kabewa yana ba da kusan miligiram 150, na almon kusan 80, rabin kofi na dafaffen baƙin wake kusan 60. Hatsin da aka surfe ya rasa yawancin nasa tare da dusa.

In za a sha ƙwaya, a duba adadin magnesiyam ɗin kansa a jikin kwalba, domin nauyin ƙwayar daban ne. A fara da miligiram 100 zuwa 200 tare da abinci, kada a wuce 350 a rana sai da umarnin likita. Ƙwayar magnesiyam iri-iri ce. Nau'in oksayid ba ya shiga jini sosai, yakan sa zawo. Nau'in sitiret yana tausasa bayan gida, abin da ke amfanar mai maƙarƙashiya, tunda cikakken hanji yana danne mafitsara. Nau'in gilisinet ya fi sauƙi ga ciki.

Mai ciwon ƙoda kada ya sha da kansa, domin magnesiyam yana taruwa a jininsa har ya saukar da bugun zuciya da numfashi. Magnesiyam yana kuma rage shigar magungunan kashe ƙwayoyin cuta ciprofloxacin da doxycycline cikin jiki: a sha su awa 2 kafinsa, ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Levothyroxine kuwa, maganin ƙarancin aikin ƙullin wuya da ake kira thyroid, a ba da tazarar awa 4 tsakaninsa da magnesiyam.

Bayan mako 4 a sake rubutun kwana 3 a gwama da na farko. In babu bambanci, a daina ƙwayar a koma ga horar da mafitsara: a rage kofi da shayi, a rage shan ruwa awa 2 kafin barci, a riƙa ƙara minti 15 a tazarar fitsari kowane mako har ta kai awa 3.