Shingen bishiya don tare iska: inda masu dashe ke ɓata aikinsu

Duk damina sai ka ga mutum ya sayo dashen darbejiya, ya jera a bakin gona, bayan shekara uku ya dawo yana cewa abin ba ya tare iska. Yana tarewa mana. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa darbejiya layi bibbiyu, da tazarar kusan mita 100 tsakanin shinge da shinge, gonakin gero kuma sun ci moriya.

Da yawa tun a alƙibla suke kuskurewa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, guguwar farkon damina mai binne shuka da rairayi kuwa daga gabas. Saboda haka layi ya miƙe daga arewa zuwa kudu, ya tare gabas.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sare rassan ƙasa. Wani yaro da na ɗauka aiki ya bi darbejiyoyina da adda ya sassare su har tsayin ƙirji, wai don su miƙe su yi kyau. Kyau suka yi, ba musu. Amma iska ta samu hanya ta ƙarƙashi, ta matse, ta fito da ƙarfin da ya fi na da. Kunyoyin da ke kusa da layin duk rairayi ya binne su, sai da na sake shuka. Jama'a, shingen iska ba layin inuwar bakin titi ba ne! Idan ka tsuguna ka hango gonar maƙwabcinka tsaf ta tsakanin kututtura, to ka yi aikin banza. Ni dai yanzu ba na dasa darbejiya ita kaɗai. Ina bin gefenta na gabas da bagaruwa ko aguwa, su toshe ƙasan. Haka giɓi yake: bishiya biyu suka mutu a jere ka bari, ka buɗe wa iska ƙofa. Cike shi a daminar nan, kada ka ce sai baɗi.

Sai masu dasawa a watan Satumba, ruwa na shirin ɗaukewa, ba kuma ƙaya ko kara a kewaye. Akuyar rani ba ta san ɗacin darbejiya ba. Ka dasa a Yuli da ƙasa ta jiƙa sosai, ka killace ranar da ka dasa.

A cire ledar da dashen ya zo a ciki kafin a binne, don Allah. Itacen turare kada ya matso rijiya ko lambu, shan ruwa gare shi. Ina barbaɗa toka a rami saboda gara, wasu na dariya, ni dai ban fasa ba. Saiwar darbejiya in ta fara ƙwace wa gero danshi, haƙa kwari a gefen gona ka datse ta.