Yadda na fita daga bashin naira 431,000 da albashin malamin firamare

A wurin jana'iza na gane abin ya kai intaha. Bayan an idar da salla, wani dattijo daga dangin mamacin ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same su a gida. Tun ina yaro nake jin wannan sanarwa a nan Argungu, amma ran nan sai na tsinci kaina ina ƙirga mutanen da za su taso da a ce ni ne kwance a makara. Na kai mutum shida, lissafi ya ɓace mini. A lokacin na fi wata uku ina zagayawa ta bayan masallaci in zan tafi makaranta, don kada in bi ta gaban shagon Alhaji.

Mata ɗaya gare ni, 'ya'ya huɗu, gidan haya, sai 'yar gonar shinkafa ta gado a fadama. Bashin ya soma taruwa ne lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai ya bi ta, albashi kuma yana nan inda yake har zuwa bayan da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000 a Yulin 2024. Sai dai ba zan ɗora wa gwamnati duka ba. Ragon suna na ci bashi na saya, ragon layya ma haka, kuma babu wanda ya sa mini wuƙa a wuya.

Abu na farko, ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka rubuta kowane bashi: sunan mai shi, nawa ne, yaushe ka karɓa, yaushe ka ce za ka biya. Allah da kansa ya ce a rubuta, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka take. Mu kuwa sai mu ce ai tsakaninmu ne, ba sai an rubuta ba. Kada ka yi wannan zama kai kaɗai. Ni bayan sallar isha na kira uwargida, yara sun yi barci, na haska fitilar waya ina rubutawa. Na shagon Alhaji 38,000. Mai hatsi 52,000, geron da na karɓa da damina. Manhajojin rance biyu na waya, 45,000 da 30,000. Tsohon kuɗin haya 90,000. Adashin da na riga na kwasa, saura zubi shida, 60,000. Mai kemis 9,500, bakaniken babur 6,500. Na ja layi zan haɗa, sai ta ce, “Malam, na Yaya fa?” Wallahi na manta da 100,000 ɗin da wanta ya ba ni lokacin haihuwar auta, saboda shi bai taɓa tambaya ba. A raina ina zaton duka bai wuce 250,000 ba. Da na haɗa, 431,000 ya fito. Na sake haɗawa sau biyu. Ita kuma daren nan ta fara jin labarin manhajojin, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in ci gaba.

Sai ka ware bashin kashi uku: mai haihuwa, mai tare hanya, da mai haƙuri. Mai haihuwa shi ne wanda ke ƙaruwa kullum ko kana barci, wato mai kuɗin ruwa. Shi za ka fara kashewa ko da za ka sayar da wani abu. Na manhaja ya fi kowanne muni. Ni dai abin da na gani, kuɗin da suke turo maka bai kai wanda ka nema ba, wa'adin gajere ne, in ka makara tara ta hau, kuma tun ranar da ka sauke manhajar ka ba su izinin shiga lambobin wayarka. Na karɓi na biyu ne don in biya na farko. Ranar da shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya nuna mini saƙon da aka turo masa da sunana, na so ƙasa ta tsage in shige. Na sayar da babbar wayata 55,000, na haɗa da buhun shanshera ɗaya, na biya su duka biyun, na sayi 'yar ƙaramar waya mai tocila. Ka lura, goge manhaja ba ya goge bashi. Ka biya tukuna, ka adana shaidar biya, sannan ka goge. In sun ci gaba da tura wa mutanenka saƙon cin mutunci, hukumar FCCPC ce ke kula da masu ba da rance ta intanet, kuma tana karɓar ƙorafi.

Canjin da ya rage na ba mai kemis da bakanike. Waɗannan su ne masu tare hanya: kuɗin ba yawa, amma su ne ke hana ka shiga kemis ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Cikin mako guda sunaye huɗu sun fita daga littafi, saura 340,000.

Yanzu ga wurin da yawancinmu ke faɗuwa: zuwa wurin masu bin ka. Ka je kafin su neme ka. Mai bin bashi ya fi jin zafin ɓuya a kan jinkiri. Na zaɓi bayan azahar, lokacin da shago ba kowa, na je wa Alhaji da 4,000 a hannu da littafina. Muka gaisa, ya tambayi iyali kamar babu komai, ni kuwa gumi har cikin hula. Na ce, “Alhaji, na san na yi laifi. Ga abin da ke hannuna. Duk ranar da albashi ya shiga zan kawo 4,000, kuma daga yau ko ashana ba zan ƙara ɗauka bashi ba.” Ya jawo nasa littafin, wanda duk ya sha manja, ya duba, ya ce, “Malam, ai ba kuɗin ne suka dame ni ba. Ina hangen ka kana bi ta bayan masallaci.” Ashe duk wata ukun nan yana kallo.

Kada kunya ta sa ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba. In 4,000 za ka iya, ka ce 4,000, ko da ya ɓata fuska. Ka faɗi rana, kada ka ce “in Allah ya hore” ka tsaya nan. Duk abin da ka bayar a rubuta a littafinka da nasa, ya sa hannu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma yawancin mutanenmu sun san haka. Amma akwai hadisin da ke cewa jinkirin mai hali zalunci ne, saboda haka ranar da kuɗi suka shigo hannunka, kai ne a cikin hadisin.

Sai rabon albashi. Nawa a lokacin 92,000 ne. Dokar ita ce, ranar da alat ya shigo, ranar za a raba, kafin a kwana. Ina cirewa sau ɗaya a wurin mai POS, domin cire dubu biyu yau, dubu uku gobe, cajin kaɗai ya isa cefanen yini. Abinci 38,000, bashi 22,000, hayar bana 7,500, man babur 7,000, kuɗin makaranta da na Islamiyya 4,500, wuta da kati 4,000, magani 4,000, zumunci 5,000. Kowanne da ambulan ɗinsa, an rubuta suna a baya. Na bashi ba ya shiga gida ma, daga wurin mai POS nake bi in rarraba: adashi 10,000, Alhaji da mai hatsi da mai gidan haya 4,000 kowanne. Yaya na je har gida na roƙe shi ya zama na ƙarshe, ya ce ko ban zo ba ai ya sani.

Dabarar ita ce, in bashi ɗaya ya ƙare, kuɗinsa ba naka ba ne, na mai bi masa ne. Da adashi ya ƙare bayan wata shida, na ɗora 10,000 ɗin a kan na Alhaji, a wata na bakwai na ba shi 14,000 muka rabu lafiya. Daga nan 18,000 ta koma kan mai hatsi, sai mai gidan haya, sai Yaya. Farkon ne ke da ciwo, domin wata shida kana biya kana ganin kamar ba ya motsi.

Kuɗin abinci uwargida ke riƙewa, ta kasa su huɗu, kowane mako da nasa. Na yi gardama da farko, ina ganin kamar an karɓe mini girma. Gaskiya ta fi ni iya riƙo. In kuɗi na aljihuna, tsire da shayi da “Malam a taimaka” sun cinye kwata kafin Juma'a.

Da 38,000 mutum shida ba za su ci ba in da gwangwani-gwangwani ake awo. Abin da ya cece mu shi ne kaka. Gero da dawa da masara suna sauka daga Oktoba zuwa Disamba, su yi tsada da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A da ina sayar da shinkafata duka a bakin gona lokacin da take arha, sannan watan Agusta in je in karɓi gero bashi a farashin da mai hatsi ya ga dama. Yanzu ta ci ake fara warewa, a kai inji da kaɗan-kaɗan, in sayar da buhu ɗaya in mayar da shi gero da wake tun suna arha. Albasa ma in ta Aliero ta fito ta cika kasuwa, uwargida kan saya da yawa ta shanya a inuwa. Manja, man gyaɗa, gishiri da omo, na wata ake saye gaba ɗaya.

Ambulan ɗin zumunci shi ne yaƙi. Biki, suna, gudummawa, anko, gaisuwar mara lafiya, ɗan'uwa ya zo daga ƙauye sai an ba shi kuɗin mota. Ba za ka yanke zumunci don kana bin littafi ba, kuma ba na ba kowa shawarar haka. Amma 5,000 ce, in ta ƙare ta ƙare. Sauran sai mu je da ƙafafunmu, in kama aikin kafa rumfa, ita ta kama girki. Shekarar nan uwargida ba ta yi anko ko ɗaya ba, ta sha magana a wurin dangi, har aka ce na mallake ta. Layya ban yi ba. Na tambayi limaminmu, ya ce layya a kan mai hali take, wanda ake bi bashi ya fara saukewa. Na shiga watanda da abokan aiki, yara suka ci nama, babu wanda ya mutu. Kayan salla kuwa tun watan Rajab muke sayen yadi mu kai wa tela, kafin layi ya yi tsawo kuɗin ɗinki ya tashi.

Game da adashi, ba na zaginsa, amma wanda ya kwasa da farko bashi ya ci, sunan ne kawai daban. Yanzu ina roƙon a sa ni can ƙarshe, daidai watan biyan haya. Bankunan da ba sa karɓar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun fi manhaja nesa ba kusa ba, sai dai su ma biya ake yi duk wata, saboda haka kada ka je can kana da ramuka takwas a buɗe. Wanda kuma bashi ya yi wa katutu ta hanyar halal, kada ya ji kunyar karɓar zakka, domin yana cikin mutum takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba.

Za ka zame, wannan babu makawa. A wata na biyar aka kwantar da auta, kwana uku, ambulan ɗin magani ya ƙare tun daren farko. Na ranci 15,000 wurin wani abokin aiki. Bambancin kawai shi ne daren nan na rubuta shi a littafi, ban taɓa kuɗin Alhaji ba, kuma na fara koyar da yaran maƙwabta uku lissafi da yamma har na biya. Kuɗin darasin ne kuma suka cike 10,000 ta ƙarshe ta Yaya a wata na 15. Ya ƙi karɓa sau biyu, sai da na ajiye masa a kan tabarma na fito.

Littafin yana nan a kan kwaba, na uku ke nan muke ciki. Waccan 22,000 ɗin yanzu rabi na tafiya asusun kaka, rabi na magani da taki. Na zumunci na ƙara shi zuwa 7,000, amma wannan watan ran 11 ya ƙare, ga katin biki uku a kan talabijin, ɗaya ma na ƙanwar uwargida ne.