Yadda za ka ƙara wa aksil ɗin bayan Hilux ƙarfi

Masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Hilux, lodi ya wuce kima ga jarkoki ga rairayi, abin da kan lanƙwashe shi ne bututun aksil na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, sai ka ga taya tana cin gefe ɗaya, man giya na tsiyaya ta wajen birki. Maganin shi ne a yi waldar ƙarin ƙarfe a kan bututun.

Da farko ka ɗaga motar ka tokare ta da kyau, ka juye man giya, ka sauke aksil ɗin gaba ɗaya, a zare shaf biyun da ke juya tayoyi da difaransha (giyar da ke tsakiyar aksil) da boris don zafin walda yana lalata su. Sannan a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe, in ya riga ya lanƙwashe to a miƙar tukuna.

Sai a kankare tsatsa da giranda, a yanko ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 ya kwanta a saman bututun daga wajen sifirin na hagu zuwa na dama.

To nan ne aikin yake, malam. Kar mai walda ya ja wuta a dogon layi ɗaya, ya ɗiga kaɗan kamar santimita 3 a dama ya koma hagu, a bari ya huce har ka iya dafa shi da hannu sannan a ci gaba, kuma don Allah kar a watsa ruwa wai don sauri, bututun zai murɗe. A kula kar a toshe ɗan hancin da aksil ke shan iska, a bar wa fayif ɗin birki hanya.

Daga nan fenti, sabon sil (robar da ke hana mai tsiyaya), a mayar da komai, a zuba man giya mai lamba 80W-90.