Yadda ake kare mai ciwon zuciya kafin a taɓa masa haƙori

Idan aka cire haƙori ko aka kankare dattin da ke ƙarƙashin dasashi, ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki kan shiga jini. A wurin mai lafiya, jiki yana share su nan da nan. Amma ga wanda bawul ɗin zuciyarsa, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, na roba ne ko na ƙarfe, suna iya maƙalewa a can su haifar da kumburin cikin zuciya, cutar da likitoci ke kira endokaditis, wadda kan kai ga tiyata ko rasa rai.

Mataki na farko, a tantance ko mutum yana cikin waɗanda ke buƙatar kariya, wato shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin aikin haƙori. Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta taƙaita jerin a 2007, ta sake tabbatar da shi a 2021: wanda aka sa wa bawul na wucin gadi, wanda ya taɓa yin wannan cutar, wanda aka yi wa dashen zuciya sannan bawul ya samu matsala, da masu wasu nau'o'in ciwon zuciya na haihuwa, musamman mai sa jiki ya yi shuɗi idan ba a gyara shi ba. Hawan jini ba ya ciki. Don haka maras lafiya ya je da takardun likitan zuciyarsa, domin cewa "ina da ciwon zuciya" kawai ba ta isa likitan haƙori ya yanke hukunci.

Na biyu, a duba irin aikin. Duk abin da zai taɓa dasashi, ko tushen haƙori, ko ya huda fatar baki, yana buƙatar magani. Ɗaukar hoton haƙori da allurar kashe zafi a wurin da ba ruɓa ba sa buƙata.

Na uku, maganin. Babba yana shan amoksisilin giram 2, yaro kuma miligiram 50 ga kowane kilo na nauyinsa, minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Sau ɗaya tak. Nan ne mutane ke yawan kuskure, wani ya ɗauka kwana biyar zai yi yana sha don ya ƙara samun kariya, alhali hakan ba abin da yake jawowa sai gudawa da koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. In an manta, ana iya sha har zuwa awa 2 bayan aikin.

Wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin ya faɗa tun kafin a rubuta takarda, domin amoksisilin dangin penisilin ne. Ga babba, akwai azitromaisin miligiram 500 ko doksisaikilin miligiram 100. Kilindamaisin da aka daɗe ana bayarwa an janye shi daga shawarar 2021 saboda mummunar gudawar da yake iya haddasawa. Haka kuma wanda yake kan wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sanar, a canza masa zuwa wani rukuni.

Bayan an gama, a sa ido na wasu makonni. Zazzaɓin da ya ƙi sauka, gumin dare, kasala ko haki, duk dalili ne na komawa asibiti. Kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a je, sai an ɗebi jini don gwaji, domin magani kan ɓoye ƙwayar cutar a kasa gano ta.